Rigar Layun Babana

Shekarar da kumandan, Anasaran da ke mulkin garinmu, ya tashi haukan tara tsofaffin kaya, ina da ƴaƴa biyu, ina suyar ƙuli-ƙuli da sayar da man gyaɗa a kasuwar Dakoro, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina. Magana ba ta kwana a cikina. Dillalan shanu ma, da ba su jin kunyar kowa, sukan kauce wa rumfata in suka ga na tashi da faɗa. Na faɗi haka tun farko don a san irin matar da abin nan ya faru da ita.

Labari ya zo cewa gwamna zai taso daga Yamai ya biyo ta wajenmu bayan kaka. Kumandan ya dubi garin, ya ga ba abin nuna wa baƙo sai rairayi da raƙuma da kashin shanu. Sai ya ce a yi gidan kallo, a jera kayan da, gwamna ya shiga ya gani. Su da bakinsu muze suke ce masa. Garin da jiya-jiya aka kafa barikinsa, wai shi ne da kayan tarihi! Da yake kuma maganar daga bakin Anasara ta fito, kafin a ce me gidan kallo ɗaya ya zama biyu, biyun kuwa ba su ga maciji da juna.

Na farko shi ne tsohon soron da ke bakin tabki, gidan wasu manyan fataken shanu. Kakansu ne ya taso daga kudu, wajen kwarin Maraɗi, ya gina shi tun wurin bai zama gari ba. Zaure uku gare shi, da katanga mai kauri, da ɗaki a sama wanda ake hawa ta matakalar ƙasa. Jikan, wanda shi ne maigida a lokacin, ya daɗe da komawa sabon gida mai rufin kwano, ya bar wa jemagu da awaki soron. Da ya ji maganar gwamna sai ƙaunar kakansa ta motsa masa. Aka kori awaki, aka yi yaɓe, aka shafa farar ƙasa.

Na biyu wani dogon ɗaki ne a gidan tsofaffin soja, kusa da bariki. Shugabansu sarjan ne, baƙo daga yamma, wanda ya zauna garinmu bayan yaƙin Jamus don ya auri ƴar gari. Shi kuma ya ce gwamna soja ne, ba abin da zai burge shi sai kayan yaƙi. Ya bi gida-gida yana karɓar hular kwano da gorar ƙarfe da tsofaffin takalma. In mutanen soro suka wuce, sojan nan su ce ga masu gadin jemagu. In soja suka wuce, mutanen soro su ce ga ƴan tsince-tsincen bola.

Da ni ba ruwana da ko ɗayansu, ba don rigar babana ba.

Kakana bawan soron nan ne. A cikinsa aka haifi babana, shekara ɗaya da maigidan, kuma nono ɗaya suka sha, na kakata, don uwar maigidan ba ta samu ruwan nono ba. Da Anasara suka zo ɗibar samari zuwa yaƙi, sunan ɗan gidan aka rubuta. Abin da manyan gidaje ke yi a wancan zamani ba ɓoyayye ba ne: a rubuta ɗa, a tura bara. Anasara ba ya bambance fuskokinmu, shi dai a kira suna wani ya amsa. Tsohon maigida ya kira babana zaure, ya ce daga yau ga sunanka, ya faɗi sunan ɗansa. Sa'an nan ya ciro rigar yaƙin ubansa ya miƙa masa. Ƴar shara ce ta saƙi, rinanniya, an ɗinke ta da layu gaba da baya har da ƙyar ake ganin zaren. Ya ce ya sa ta ƙarƙashin kakin soja, ƙarfe ba zai ci shi ba.

Ƙarfe bai ci shi ba, gaskiya. Sanyin ƙasar ne ya ci shi. Shekara shida yana amsa sunan wani, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Bai koma soro ba. Ya yi bukkarsa a bayan gari yana noman gero da wake, mutane suka riƙa ce masa Soja, har sunansa na yanka ya ɓace daga bakin gari. Tsofaffin da suka san shi suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina sau biyu na ji an faɗi sunan, daga bakin sanƙira ranar ɗaurin aurena, da kuma ranar da ake masa addu'ar uku. Ya rasu damina biyu kafin maganar gwamna, ya bar rigar cikin adudun Inna, uwata.

Maigidan soro ya aiko sau biyu a kai masa rigar, ni kuwa na kori manzon sau biyu. A na uku ya zo da kansa. Tun da aka haife ni ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofarmu ba, ko ranar rasuwar babana aike ya yi. Inna ta ruɗe, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta durƙusa can gefe tana jero gaisuwa. Ni na tsuguna ne kawai don kada a ce ba a yi mini tarbiyya ba.

Ya ce, “Ɗiyata, rigar kakanmu na zo ɗauka. Aro aka ba ubanki, Allah shi ji ƙansa, ga shi kuma lokacin mayarwa ya yi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ku da kuka ari mutum da lafiyarsa, yadda kuka ɗauke shi haka kuka mayar da shi?”

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Shi kuwa ya yi murmushin nan nasa na masu ciniki, ya ja carbi. Ya ce a zauren farko za a rataye ta, ita ce idon gwamna zai fara sauka a kai.

Na ce, “Za a ce rigar wa?”

“Rigar wanda ya gina soron mana.”

“Wanda ya sa ta shekara shida cikin ruwan harsashi fa?”

Ya ce, “Ubanki ɗan gida ne. In an ambaci gida an ambace shi. Ke dai zo ki ga wurin da idonki, zuciyarki za ta yi sanyi.”

Washegari da hantsi na tafi. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Zauren da sanyi kamar cikin randa, ƙasa an daɓe ta sumul. An jera akusa da butar tagulla da sirdi mai ado, ga gadon kara, ga allon kakansu an jingine. A zaure na biyu sai na yi kiciɓis da dutsen niƙan kakata. Na gane shi da tsagar da ke gefensa. A kan dutsen nan gwiwoyinta suka mutu, har ta tsufa ba ta iya miƙe ƙafa. Wani ƙanen maigidan da ke nuna mini wuri ya ce, “Wanga dutsen gidanmu ne tun na kaka.” Na wuce bayan gida in ga ɗakin da aka haifi babana.

Babu ɗakin. Ƴan ɗakunan nan da ke jikin garken awaki, inda bayi da barori ke kwana, duk an rushe su, an share wurin fes, an kafa turken doki a kai. Na tambayi inda suka shiga. Ya ce sun tsufa, za su ɓata wa gwamna ido. Na ce to soron yaro ne? Na tofar da yawu a gindin turken, na fito ban yi musu sallama ba.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen sarjan cewa na fito daga soro ina huci. Ya same ni a rumfata ina tsakiyar suya, ƙirjinsa duk lambobin yabo suna ƙara in ya motsa. Ba sallama, ba gaisuwa. Ya tsaya a kaina ya ce ke ce ɗiyar wane, ya kira sunan maigidan soro. Wallahi sai da na dubi man da ke tafasa a kasko, na dube shi, na yi a'uziyya.

Na ce, “Baba Sarjan, in ka sake haɗa ni da sunan nan, sai an raba mu a kasuwar nan.”

Ya yi ashar da Faransanci, ya ce shi da sunan ya san mutumin, rami ɗaya suka kwanta da shi har sanyi biyu. Ya ce da idonsa ya ga rigar. Likitan Anasara ya so a cire a ƙone saboda ƙwarƙwata, babana ya rungume ta ya ce sai dai a ƙone su tare. Ban taɓa jin wannan labarin ba, don babana ba ya yi mana hirar yaƙi. Idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙi ne. Sarjan bai ko lura ba. Shi abin da ke gabansa ya kayar da soro, ya kuwa faɗa da bakinsa: in rigar nan ta shiga ɗakinsa, fataken shanu sun sha ƙasa.

Na bi shi na ga nasu wurin. Na tsane shi tun daga ƙofa. Warin tsohuwar fata da man bindiga, ga tutar Faransa ta cinye rabin bango. Hotunan manyan Anasara masu gashin baki suna sama, kayan namu mutanen suna ƙasa a kan tebur. Hulunan kwano da suka lotse, jar dara da asu ya ci, wata fuskar roba mai dogon hanci wadda aka ce ta maganin hayaƙin guba ce. Na ce wa sarjan ashe abin da ya kashe mana maza shi za a jera ana masa ado. Ya ce mace ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Na ce mace ce ta wanke tsumman tarin, ta san kansu sarai.

Ina juyawa zan fita sai na lura da ƴan fararen takardu. Kowane kaya da tasa a jingine a gabansa. Lokacin ban iya boko ba, sai da na tsufa na koya. Na tambaya, ya ce sunan mai kayan ne da lambarsa da inda ya yi yaƙi. Na nuna wata gorar ƙarfe da ta huje, na ce har wannan? Ya ce har ita. Na tsaya ina kallon gorar. A soro ga sirdi da tagulla amma ba sunan kowa sai na mutum ɗaya, nan kuwa hujajjiyar gora ma ta san mai ita.

Na ce, “In na kawo rigar za a yi mata takarda?”

“Za a yi.”

“Da wane suna?”

“Da wanda ke cikin littafin biro, ofishin kumandan.”

Na ce ai wancan na aro ne. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya sani, ba shi kaɗai ya tafi da sunan aro ba, shi kuwa bai taɓa tambayarsa na gaskiyar ba, don bai ga amfanin sani ba. Abin da littafi ya riƙe, in ji shi, kumandan kaɗai ke iya sakewa. Kuma tun da rigimar ta kai kunnen kumandan, ya ce ranar Litinin a kawo rigar biro, mai ita ta faɗi inda take so a kai. In ina da bakin da ake faɗi, in je in yi amfani da shi can.

Kwana ukun da suka rage ni da Inna muka yi su cikin faɗa. Ita ta ce a kai wa soro a huta. A gidan aka ɗaura mata aure, tuwonsu muka ci, kuma talaka ba ya ja da masu shi. Na ce wa ke da mu? Na ce tuwon nan da gwiwar uwar mijinta aka niƙa shi. Ta ce rigar dai ta kakansu ce, wannan ba a musu. Na ce zufar da ke jikinta ta wa ce? Da na ga ba za ta sauko ba, na ce to ta zo mu tafi tare, ta tsaya a bayana kawai.

Ta ce, “Ni in tsaya gaban Anasara ana maganar mijina? Ke ce ba ki da kunya, ni ina da ita.”

Na ce, “Kunyar taki me ta tsinana miki shekara talatin?”

Ta tashi ta buɗe adudu, ta ciro rigar a naɗe cikin zane, ta aje a gabana, ta ce ni ce babba, in yi abin da na ga dama. Maganar da na yaɓa mata ta daɗe tana cina, amma a ranar ko a jikina.

Ranar Litinin da safe na ɗora ƙunshin a ka na nufi bariki. Kumandan yana zaune bayan tebur a barandar biro, jan mutum mai saɓar hanci, yana fifita da wata takarda. Tafintansa na tsaye a gefe, shi ma baƙo ne, bai fi wata uku a garin ba. Maigidan soro yana dama kan kujera, ya sha babbar riga, mutanensa a ƙasa. Sarjan yana hagu a tsaye ƙyam da tsofaffin soja huɗu. Gardi, dogarin bariki, ya nuna mini tsakiya. Na kwance zanen na shimfiɗa rigar a kan tebur, kumandan ya sunkuya yana taɓa layun da bakin alƙalami.

Maigidan ya fara, ya yi ta zuba tarihin kakansa. Sarjan ya karɓa da Faransancinsa na bariki, yana buga ƙirji. Sa'an nan tafinta ya ce da ni, “Ke, kumandan ya ce ki yi magana, ki taƙaita.”

Ban taƙaita ba. Kwana uku ina shirya maganar nan a bakin kasko. Na faɗi yadda aka rubuta ɗa aka tura bara. Na nuna maigidan da yatsa, na ce ga mai sunan nan zaune da tumbinsa, bai taɓa wuce Maraɗi ba, a tambaye shi kalar ruwan teku in ya sani. Na faɗi tarin, na faɗi dutsen niƙa, na faɗi ɗakunan da aka rushe. Mutanen soro suka hau salati suna cewa a kama ta. Maigidan kuwa fuskarsa ta yi fari fat, don abin da ubansa ya yi laifi ne a dokar Anasara, ya kuma sani. Tafinta yana ta haɗa gumi yana bina da fassara. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Tun ina yarinya nake jiran ranar da zan ga tsoro a fuskar mutumin nan.

Kumandan ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce tsohuwar magana ce, wanda ya yi ta ya mutu, shi ba zai tone ta ba. Abu ɗaya yake so ya ji: soro ko ɗakin soja?

Na ce ɗakin soja, amma da sharaɗi. A rubuta sunan wanda ya sa rigar, ba na littafi ba.

Da aka fassara masa sai ya yi ƴar dariya, ya dubi sarjan, ya dubi maigidan. Ya jawo farar takarda daga aljihun tebur, ya tsoma alƙalami a tawada. Ya yi magana gajeriya. Tafinta ya juyo ya ce, “Ya yarda. Faɗi sunan.”

Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Wanda bai tashi cikinmu ba ba zai gane ba. Ɗiya ba ta kiran sunan ubanta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya hana ni, haka muka buɗe ido muka tarar. Ko wani mai irin sunan na haɗu da shi, laƙabi nake nema masa. Tun ranar aurena sunan nan yana cikin kaina, harshena bai taɓa ɗaukarsa ba ko ni kaɗai a ɗaki. Duk shirin da na yi na kwana uku, ban taɓa kawowa a raina cewa ni za a ce in faɗa ba. Na ɗauka in na ci faɗan, sunan zai fito daga wani wuri. Ga shi kuwa a kan harshena, ina jin nauyinsa, maza fiye da ashirin sun zuba mini ido, ga gawar babana ko shekara uku ba ta yi a ƙasa ba.

Tafinta ya ce, “Ke, faɗi mana, yana jira.”

Na dubi sarjan. Ya buɗe hannu, shi bai sani ba. Sojan da ke bayansa su ma Soja suka sani, ko sunan aro. Mutum ɗaya ne a barandar nan na tabbata ya san sunan kamar yadda ya san nasa, wanda suka sha nono ɗaya. Na juya na dube shi. Ni da na gama tsire shi yanzu-yanzu, na dube shi da idon roƙo. Allah ya isa tsakanina da wannan kallon da na yi.

Ya gane sarai. Na ga jini yana dawo masa fuska. Ya gyara zama, ya ja carbinsa ɗaya, biyu, ya ce da tafinta cikin murya mai taushi, “Gaya wa kumandan ya yi mata haƙuri. Yarinya ce, baƙin cikin rashin uba ke sa ta faɗin abin da ba ta sani ba.”

Na ce, “Na sani! Wallahi na sani!”

Tafinta ya ce, “To faɗi.”

Na ce a ba ni dama in je in zo da wani tsoho. Na ce a aika a kira Inna, alhali na san ita ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Tawada ta bushe a bakin alƙalami. Kumandan ya daina dariya. Ya ce, ta bakin tafinta, bai taɓa ganin ɗiyar da ba ta san sunan ubanta ba, kuma shi ba a zo masa biro da tatsuniya. Ya sa aka buɗe littafi, ya sake tsoma alƙalami, ya kwafe abin da ke ciki. Ya miƙa wa sarjan rigar da takardar. Sarjan ya sara masa, baki har kunne. Gardi ya kama hannuna ya fitar da ni.

Washegari na koma da wani tsohon maƙeri da ya san babana tun suna yara, na ɗauko shi a kan jaki. Gardi ya ce kumandan ya rufe maganar, in na sake zuwa gidan kaso zan kwana. Na je wurin sarjan, ya ce takardar da hannun kumandan ya rubuta shi bai isa ya taɓa ta ba, kuma ai na samu abin da na zaɓa. Na zage shi tas, shi da lambobinsa. Ya sa aka rufe ƙofa.

Gwamna ya zo bayan an gama ɗaurin gero. Ya fara da soro, aka ce ya yaba da sanyin zauren. Daga nan aka yo gidan soja, gari duk ya biyo baya. An ɗaura igiya an tsare mu talakawa a waje, amma da yake ɗakin ya yi kaɗan, an fito da manyan kayan baranda, rigar tana tsakiya a rataye jikin sanda. Ina tsaye a bakin igiya, goyo a bayana, kusa da wata Bafillatana mai tallan nono. Na ga gwamna ya tsaya gaban rigar, ya sunkuya ya karanta takardar da ƙarfi. Wani ya raɗa masa cewa ai mai sunan yana nan. Sai ga maigidan soro ya ratso mutane yana gyara hannun riga. Gwamna ya cire hularsa, ya kama hannun mutumin nan da hannu biyu yana girgizawa. Sarjan yana nan tsaye ƙyam, idonsa a sama. Makaɗa suka saki kalangu, mata suka rangaɗa guɗa.

A nan bakina ya buɗe. Na kira sunan babana. Na kira shi da duk ƙarfina, har yaron da ke bayana ya firgita ya fashe da kuka. Na sake kira, na sake, ina jin maƙogwarona yana tsagewa. Ba wanda ya waiwayo daga baranda, kiɗa ya danne komai.

Bafillatanar nan ce kaɗai ta ji. Ta sauke ƙwaryarta, ta dafa kafaɗata, ta ce, “Ayya, ƴar'uwa, ɓace miki ya yi cikin taron nan? Wace irin riga gare shi, in taya ki dubawa?”